Ma'ajin Da Ya Buɗe Ƙofar Asirin Bankunan Suwizalan

Galibin masu karanta wannan jarida sun san sunan ƙasar Suwizalan ta hanyar abu biyu, agogo da banki. Waɗansu kuma ba su manta ba da kuɗin Nijeriya da aka jibge can zamanin Janar Abacha, waɗanda daga baya aka fara komowa da su. To, yau za mu ba da labarin wani mutumin ƙasar, Hans-Rudolf Merz, wanda ya fito daga aikin banki ya zama Ministan Kuɗi, kuma a hannunsa ne asirin nan na bankuna, da ƙasar ta ke taƙama da shi, ya soma tonuwa.

An haife shi ran 10 ga Nuwamba 1942 a Herisau, babban garin wani ɗan ƙaramin lardi mai suna Appenzell Ausserrhoden. Ya yi karatun tattalin arziki a St. Gallen, ya sami digirin dakta a 1971. Daga 1974 zuwa 1977 ya yi mataimakin shugaba a makarantar da wani babban banki ke horad da ma'aikatansa, sa'an nan ya koma sana'ar ba kamfanoni shawara.

Abin da ya fito da sunansa kuwa masifa ce ta auka wa bankin lardinsu. Bankin nan mallakar jama'a ne, amma aka yi ta ba da rance ba tare da lura ba, har ya tasam ma durƙushewa. Aka naɗa Merz shugaban hukumar bankin don ya ceto shi. Da ya duba littattafai ya ga ciwon ya wuce magani, sai aka sayar da bankin ɗungum a 1996 ga babban bankin nan da ya taɓa yi wa aiki, wanda daga baya ya zama UBS. Abin ya yi wa mutanen lardin zafi ƙwarai, amma duk da haka suka ga mutumin ya faɗa musu gaskiya, suka zaɓe shi a 1997 ya wakilce su a Majalisar Larduna da ke Bern.

A nan ya kamata mu ɗan bayyana yadda a ke mulkin ƙasar. Mutum 7 ne ke riƙe da Gwamnati, kowa da ma'aikatarsa, kuma kowace shekara a kan ɗauki ɗaya daga cikinsu a kira shi Shugaban Ƙasa, in shekara ta cika ya sauka wani ya hau. Shugaban nan ba ya da ikon yanke magana shi kaɗai, sai da shawarar 'yan'uwansa shida. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Ran 10 ga Disamba 2003 aka zaɓi Merz cikin bakwai ɗin, aka danƙa masa Baitulmali. A wannan aiki kam ba mai musun ƙwazonsa. Ya tarad da wata doka wadda jama'a suka amince da ita a 2001, mai hana Gwamnati kashe fiye da abin da ta ke samu in an haɗa shekarun wadata da na tsanani. Ya riƙe ta kam-kam, ya tsuke bakin aljihu, har abokan aikinsa suna gunaguni. Bashin Gwamnati, wanda ya kai wajen faran miliyan dubu 130 a 2005, ya sauko zuwa kimanin miliyan dubu 110 lokacin da ya bar aiki. Duk ma'ajin da ya taɓa ce wa hakimi babu, ya san irin baƙin jinin da ke cikin wannan.

Amma abin da ya gagare shi ta wata ƙofa ya ɓullo. Tun 1934 dokar ƙasar ta ce duk ma'aikacin bankin da ya tona asirin mai ajiya ya yi laifin da a ke ɗauri a kansa. Har wa yau, Suwizalan ta raba laifin haraji gida biyu. In mutum ya ƙaga takardun ƙarya don ya cuci masu karɓar haraji, wannan zamba ce, kuma za a taimaki ƙasarsa ta kama shi. In kuwa shiru kawai ya yi, bai faɗi dukiyarsa ba, to, a wancan lokaci ba a buɗe littafin banki saboda wannan. Ta wannan 'yar kafa ce dukiyar attajiran Jamus da Faransa da Amurka ta yi ta kwarara cikin ƙasar. A watan Maris 2008 Merz ya tsaya gaban Majalisa ya ce masu kai wa asirin nan hari za su karya haƙoransu a kansa. Magana zarar bunu ce.

Cikin watan Satumba na shekarar zuciyarsa ta tsaya, aka yi masa aiki a Bern, ya ƙetare rijiya da baya. Yana jinya ke nan sai UBS ya jijjiga saboda asarar da ya tafka a Amurka. Ran 16 ga Oktoba Gwamnati ta zuba masa faran miliyan dubu 6, Babban Bankin ƙasar kuma ya ɗauke masa ruɓaɓɓun takardun bashi. Ga shi kuma Amurka ta kama bankin da laifin taimakon mutanenta su ɓoye dukiya. A Fabrairu 2009, lokacin Merz na Shugaban Ƙasa, bankin ya biya tarar dala miliyan 780, aka kuma miƙa sunayen masu ajiya wajen 250. Manyan ƙasashe suka yi barazanar sa Suwizalan cikin jerin ƙasashen da ba su ba da haɗin kai. Ran 13 ga Maris 2009, shekara guda bayan zancen haƙora, Merz da bakinsa ya sanar cewa daga yanzu za a taimaki ƙasashen waje ko da laifin shiru ne kaɗai. A ganimmu ba shi da wata hanya, gama ƙasar da ke rayuwa da ciniki ba ta iya jayayya da dukan kasuwanninta gaba ɗaya. Kuskurensa shi ne cika bakin da ya yi tun farko, wanda ya sa mutanensa suka ɗauki abin kamar faɗuwa ta kunya.

Bai gama da wannan ba sai ga rigimar Libiya. A Yuli 2008 'yan sandan Janiba sun tsare Hannibal, ɗan Kanar Gaddafi, bisa tuhumar dūkan barorinsa biyu. Libiya ta rama da hana waɗansu 'yan kasuwar Suwizalan biyu fita ƙasarta. Ran 20 ga Agusta 2009 Merz ya tafi Tarabulus, ya nemi gafara a bainar jama'a, ya komo ya ce mutanen za su iso gida kafin wata ya ƙare. Aka aika jirgin Gwamnati ya ɗauko su, jirgi ya yi kwanaki yana jira, ya komo da akwatunansu kaɗai. Ɗaya bai sami fita ba sai Fabrairu 2010, ɗayan sai Yuni. Aka yi masa ca, musamman mutanen Janiba, waɗanda suka ce ba shi da ikon neman gafara a kan aikin 'yan sandan lardinsu, aka kuma zarge shi da yin gaban kansa a ƙasar da Shugaba ba ya yanke magana shi kaɗai.

A Agusta 2010 ya ce zai ajiye aiki. Ana saura 'yan makonni ya tafi, sai aka yi masa tambaya a Majalisa game da kuɗin fito na naman da aka sa wa yaji. Ya tashi yana karanta amsar da akawunansa suka rubuta masa, ga ta cike da lambobi da sarƙaƙƙun kalmomin ofis. Da ya iso kan sunan Bündnerfleisch, wani busasshen naman sa mai kama da kilishi, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye, Majalisa duka ta ɗauka. Da ya natsu ya roƙi afuwa, ya ce shi kansa ba duk abin da ya karanta musu ya fahimta ba. Ya sauka a ƙarshen Oktoba, ya koma Herisau.