Santsin Randa da Gyambon da Ya Ƙi Jin Magani

Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin randar da ta yi kwanaki ba a wanke ba ya san santsin da ke manne a jikinta. Wannan santsi gari ne guda na ƙwayoyin bakteriya. Sukan manne wa abu, su fitar da wani yauƙi mai danƙo su lulluɓe kansu, tamkar mutanen da suka kewaye garinsu da ganuwa. Masana na kiransa bayofim. Tun a 1683 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya kankaro dattin haƙoransa ya ga halittun suna motsi a madubinsa, amma sai wajen 1978 Bill Costerton da abokan aikinsa suka jawo hankalin duniya ga cewa haka mafi yawan bakteriya ke rayuwa.

Abin da ya shafi mutumin Kankiya ko Kusada shi ne, irin wannan ganuwa tana ginuwa a jikin ɗan Adam: a gyambon ƙafar mai ciwon suga, a kunnen yaron da ya yi watanni yana zubar da mugunya, a robar fitsarin da aka daɗe ba a canja wa dattijo ba. Magani yana wahalar ratsa yauƙin, waɗanda ke can ciki kuma kamar barci suke yi, alhali yawancin magunguna mai girma da hayayyafa suke kashewa. Gwaje-gwaje sun nuna juriyarsu kan kai ninki 1,000 na ta waɗanda ke yawo a sake. Majiyyaci ya sha kafso, ya ji sauƙi, bayan mako biyu ciwo ya dawo.

Daga nan ne muke ƙara wa wuta fetur. Sai a koma kemis ko wurin mai talla ranar kasuwa, a sayi ja-da-rawaya guda huɗu gwargwadon kuɗin aljihu, wani ma ya fasa ya barbaɗa a miki. Haka ake ɗura wa kaji da shanu. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa maganin da bai kai ƙima ba horar da ƙwayar cuta yake yi. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a.

Nijeriya ta yi tsarin yaƙi da matsalar na 2017 zuwa 2022, ta sabunta a 2024. A ganina takarda ce kawai muddin ba ta sauko ƙauye ba.

Bayofim hannu yake ji kafin ƙwaya. Gyambo sai ma'aikacin lafiya ya kankare mataccen nama, ya wanke, ya riƙa canja bandeji; roba a cire ta da zarar buƙatarta ta ƙare. Kankiya tana da Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya, wadda ɗalibanta ke zama ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara, ga kuma Babban Asibiti. Ya kamata gwamnatin jiha ta tabbatar ɗakin gwajinsa yana da lantarki da kayan shuka ƙwayar cuta a gane maganin da take ji, a kuma tsara yadda samfurin mugunya ko fitsari daga Kusada zai iso a ranar da aka ɗauke shi.