Kashin shanu: wutar dahuwa da takin gona a rami guda

Jama'a makiyaya da manoma na Madawa, Buza da Keita, kowa ya san yadda iccen wuta ya yi tsada. Inda icce ya ƙare, mata kan ƙona kara da busasshen kashin shanu. Tuwo ya dahu, amma gona ta rasa abincinta. Akwai dubarar da za a samu wuta daga kashin shanu, kuma taki bai salwanta ba. Ana ce mata biyogaz.

Mi ke yin aikin?

Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Irinsu ne ke sa madara ta zama nono, su ne kuma ke sa daddawa ta nuna. Cikin tumbin saniya akwai su da yawa, suna narka ciyawa, wasu kuma su fito tare da kashi. In aka rufe kashin cikin ramin da iska ba ta shiga, sai su ci gaba da cinsa, suna fidda gaz mai kama wuta. Suna son zafi, ga shi ƙasarmu ba ta rasa shi ba.

Yaya ake yi?

Magini ya gina ramin siminti rufaffe, da bakin zubawa da bakin fita, da tiyo har zuwa murhu.

1. Kowace safiya a tara ɗanyen kashi, a fidda tsakuwa, yashi da kara.
2. A dama bokiti 1 na kashi da bokiti 1 na ruwa, a zuba.
3. Gaz ya taru sama, ya bi tiyo zuwa risho ko fitila.
4. Bayan kamar kwana 40, abin da aka zuba ya fito ɗaya bakin, ya zama taki mai ruwa, ba wari sosai.

Kilo 1 na ɗanyen kashi na ba da wajen lita 40 na gaz. Ƙaramin rami na son kilo 20 zuwa 40 kullum, wato kashin shanu 3 zuwa 4 na turke.

Wa dubarar ta dace da shi?

Mai shanun noma, mai kiwon turke, ko mai shanun tatsa da ke kwana gida. Wanda garkensa ke tafiya arewa da damina, raminsa zai kwana da yunwa, gaz ya tsaya. Haka wanda ruwa ke mai nisa, ya yi lissafi tukuna: bokitin ruwa na kullum ne, har cikin bazara.

Abubuwan kiyayewa

- Kada a zuba ruwan sabulu ko maganin ƙwari, suna kashe halittun.
- Bisar da aka yi ma allurar kashe ƙwayoyin cuta, a ware kashinta har wasu kwanaki.
- Kada kowa ya shiga ramin, ko don gyara, sai an buɗe ya sha iska. Gaz ɗin na sumar da mutum.
- In an ji wari wajen tiyo, a nisanta ashana da taba.

Ribar gona da daji

Takin da ya fito ya riga ya ruɓe, shuka na cinsa da sauri. Ya yi ma garkar albasa ta kwarin Tarka. In an haɗa shi da kara da shara ya bushe, sai a zuba cikin ramukan tassa na hatsi.

Ku tuna da wahalar da aka sha kan itatuwanmu. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Magiya don tare iska. A 1984 aikin raya karkara na Keita ya fara da taimakon Italiya, mata da maza suka dasa miliyoyin itatuwa. Duk gidan da ke dahuwa da gaz ya rage ma waɗannan itatuwa gatari, ya rage ma mata hayaƙi da tafiyar icce.

Dubarar ba baƙuwa ba ce. A Sin da Indiya miliyoyin gidaje sun gina irin wannan rami. Makwabciyarmu Burkina Faso ta gina fiye da dubu 10.

Ginin na cin kuɗi, kuma ramin da ya tsage ba ya riƙe gaz. Saboda haka, kafin ku sayi siminti, ku ƙidaya shanunku na turke da bokitin ruwanku, ku je ku yi shawara da ma'aikacin kiwo na yankinku, ku nemi maginin da ya koyi aikin.