Wa Zai Tarbe Ka a Jidda?

Duk wanda zai fita ƙasar waje karon farko, musamman mai tafiya Umara shi kaɗai ko shi da tsohuwarsa, akwai tambayar da takan hana shi barci fiye da kuɗin tikiti: in na sauka, wa zan gani? Ejan da ya yi masa biza a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya ba shi lambar waya, ya ce, "Kana sauka ka kira wannan, yaronmu ne, shi zai kai ku masauki, shi zai kai ku ziyara." Ba hoto, ba cikakken suna, wani lokaci ma laƙabi ne kawai. Da wannan mutum zai ɗauki ransa da kuɗinsa ya haye jirgi.

Wannan fargaba ba ƙauyanci ba ce, tana da tushe. Sai dai mutanenmu kan ɗora ta inda bai kamata ba. Baƙo yana tsoron jami'in da ke sanye da kaki, yana tsoron direban da ba ya jin yarensa, amma da zarar wani ya matso ya ce, "Alhaji, sannu da hanya, daga Kano ne?" sai jikinsa ya saki, ya ji kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Hausawa sun daɗe a Makka da Jidda da Madina, wasu kakanninsu ne suka je a ƙafa ta Sudan, kuma mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma jin Hausa a bakin mutum ba ya nuna shi ne aka aiko. Mai son cutar baƙon Bahaushe ba da Larabci zai tare shi ba.

Saboda haka aikin tantance jagora tun daga gida ake yin sa. A Najeriya, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisin aikin Hajji da Umara, kuma takan fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. Ka tambayi ejanka da wane kamfani yake aiki, ka je ofishin da ƙafarka. Ka nemi cikakken sunan mai tarba, da hotonsa, da lambarsa ta Saudiyya, wadda ke farawa da +966. Ku yi magana ta bidiyo kana gida, ka ga fuskarsa, ya ga taka. Ka karɓi sunan otal da unguwar da yake, a rubuce, da Larabci da boko. In ejan ya fara cewa "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" to ka ƙara riƙe tambayarka da kyau. Mai gaskiya ba ya jin zafin a nemi hoton yaronsa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke rikita mutane da yawa. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda ba gini ɗaya ba ne. Akwai sabuwar tasha ta ɗaya, akwai ta arewa, akwai ta alhazai, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce. Sai ka ga baƙo yana tsaye a nan, mai tarba yana jira a can, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Ka duba tikitinka ka san inda jirginka ke sauka, ka faɗa masa. Kuma kada ka dogara da kiran WhatsApp, don ba kullum yake shiga ba a Saudiyya, ko da yake rubutaccen saƙo da saƙon murya suna tafiya. Ana sayar da layin STC da Mobily da Zain a cikin filin jirgin, da fasfo ake yin rajista. Ka sayi layi kafin ka fita waje, ko da kuwa mai tarba yana cewa ka bari sai an isa Makka.

Idan kun haɗu, ka bar shi ya fara faɗin sunanka da sunan otal ɗinka. Kada kai ka riga shi. Mutanenmu da saurin baki: "Kai ne yaron Alhaji wane?" Wa zai ce a'a? Kafin ka shiga mota, ka ɗauki hoton lambarta ka tura wa na gida a gabansa, ka kunna musu wurin da kake a waya su riƙa bin tafiyarka. Daga Jidda zuwa Makka kusan kilomita 80 ne, tafiyar awa ɗaya ko sama da haka kaɗan in hanya ta yi kyau. Wanda ya san haka zai gane in an fara zagaye da shi.

Sai maganar fasfo, kuma a nan ne namiji ya fi rauni, don mai harami ba shi da aljihu. Zane biyu ne a jikinsa, hannu ɗaya yana riƙe da na sama kada ya zame, ɗayan yana jan akwati, ga gajiya, ga zumuɗin ganin Ka'aba. A wannan hali ne ake cewa, "Kawo fasfon da wayar in riƙe maka." Ka sayi ɗamarar nan mai aljihu da zif tun a gida, ka sa fasfo da kuɗi da waya a ciki. Mai otal zai iya karɓar fasfo ya duba ya mayar maka, jami'i ma haka. Jagora kuwa ba shi da abin yi da shi a aljihunsa. Wanda fasfonsa ke hannun wani ba ya iya cewa a'a ga duk kuɗin da aka ƙara masa, kuma ba ya iya canza masauki in bai gamsu ba.

Kaya ma haka. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina bisa zargin shigo da ƙwayar Tramadol a cikin wata jaka, alhali ba ta san da jakar ba. A filin jirgin Malam Aminu Kano aka liƙa wa jakar sunanta. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama waɗanda ake zargi da wannan aiki, amma sai da yarinyar ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. A Saudiyya safarar miyagun ƙwayoyi laifi ne da kan kai ga hukuncin kisa. Don haka in ejan ya ce, "Ga ɗan saƙo ka kai wa yaronmu da zai tarbe ka," ka ba shi haƙuri, ko yaji ne, ko kilishi, ko maganin gargajiya. Ka ƙirga akwatunanka, ka ƙirga 'yan takardun da aka liƙa maka a bayan tikiti, su zo daidai. Goro ma, da muke ganin ba komai ba ne, hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa kusan kowace shekara.

Mafi haɗarin jagora shi ne mai cewa ya san hanya. Zai ce ka zo da bizar ziyara ko ta Umara, ka laɓe har lokacin Hajji, shi zai shigar da kai Arfa ta bayan gari. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Ba su da tanti mai sanyi, ba su da motar hukuma, sun yi ta tafiya a rana. Masar ta soke lasisin kamfanoni 16 a kan wannan lamari. Waɗanda suka karɓi kuɗin mutanen nan da alkawarin sun san hanya, ba su ne suka faɗi a kan titi ba.

Tun 2022 Saudiyya ta sanar cewa mace za ta iya zuwa Umara ba tare da muharrami ba, kuma mata da yawa suna tafiya. Hajiya, in ziyara za a kai ku Uhudu ko Masallacin Ƙuba ko Dutsen Hira, ki bi ayari, ki tashi daga ƙofar otal inda ma'aikata ke ganin wanda ya ɗauke ku. A yi cinikin kuɗin ziyara a gama kafin mota ta tashi, a san na kowane mutum ne ko na motar gaba ɗaya, kuma a biya bayan an dawo. Masu tura tsoho zuwa Umara kuma su rataya masa kati a wuya mai ɗauke da sunansa, da sunan otal da Larabci, da lambar waya biyu, ɗaya ta can ɗaya ta gida.

To, in ka sauka ba ka ga kowa ba fa? Ka zauna cikin filin jirgin, inda akwai haske da jami'ai, kada ka bi na farko da ya ce zai taimaka. Ka kira ejanka a gida. In shiru ya yi yawa, akwai tasi na hukuma a layi, akwai Uber da Careem waɗanda ke nuna sunan direba da lambar mota da kuɗin tafiya, kuma jirgin ƙasa na Haramain, da aka buɗe a 2018, yana da tasha a sabon ginin filin jirgin, yana zuwa Makka da Madina. In abu ya ɓaci, lambar gaggawa a Makka da Jidda ita ce 911. Najeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, babban kuma yana Riyad. Ka nemi lambarsu kafin ka tashi, ka rubuta a takarda, don waya tana mutuwa.