KARATUN INJINIYA: SANA'A GA WANDA YA GAMA MAKARANTA

Kowace shekara samari da 'yan mata masu ɗimbin yawa suna gama sakandare. Wasu sukan sami shiga jami'a. Wasu kuwa sai su share shekara biyu ko uku a gida suna jiran sa'a, ko suna yawon ofis-ofis da takardar neman aikin akawu. Alhali kuwa akwai wata hanya a buɗe, watau koyon aikin injiniya a makarantun fasaha, inda ake haɗa karatu da aikin hannu.

Wane ne ma'aikacin injiniya?

Mutane da yawa suna tsammani sai wanda ya yi shekara 5 a jami'a ne kaɗai yake wannan aiki. Ba haka ba ne. Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, tana yi wa ma'aikata iri huɗu rajista: injiniya, da masanin fasaha mai babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da gwanin aikin hannu. Injiniya shi ke tsara aiki a takarda, amma sauran ukun su ke ja wayar lantarki, su haɗa injin ban ruwa, su gyara famfon burtsatse in ya tsaya. In babu su, zane ba ya tashi daga takarda.

Hanya ta farko

Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin koyon sana'a. Zai yi shekara 3 yana koyon aikin lantarki, ko kanikanci, ko walda, ko gini. Daga nan sai ya ɗauki jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ya sami takardar shaida. Da ita yana iya kama aiki, ko ya buɗe shagon kansa, ko ya ci gaba da karatu.

Hanya ta biyu

Wanda ya gama babbar sakandare da kiredit 5, ciki har da Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri, sai ya ɗauki jarrabawar JAMB ya zaɓi kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Yaba a Legas wadda ta soma a 1947, ko ta Kaduna wadda tushenta ya koma 1956. Karatun Difloma ta Ƙasa shekara 2 ne. A cikinsu akan tura ɗalibi masana'anta na wata 4, a ƙarƙashin shirin da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, mai hedkwata a Jos, yake kula da shi. Bayan diflomar sai ya yi aiki shekara guda, sa'an nan ya komo ya ƙara shekara 2 don Babbar Difloma.

Gargaɗi ga iyaye

Ba kowane gini mai allo a ƙofa ne makaranta ba. Kafin ku biya ko kwabo, lalle ne ku tabbatar cewa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, mai hedkwata a Kaduna, ta amince da makarantar, da kuma shi kansa kwas ɗin. In ba haka ba, yaro zai ɓata shekarunsa ya fito da takardar da ba ta da daraja. Ku je da kanku ku duba ɗakin aiki: akwai injuna? Suna tashi? Ɗalibai suna taɓa su? Gani ya kori ji.

Haka kuma kada a ce wannan aikin maza ne. Yarinya mai kan lissafi ƙofa ɗaya take shiga da ɗan'uwanta, takarda ɗaya kuma za a ba su.

Ya ku ɗalibai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tuntuɓi shugaban makarantarku ko ma'aikatar ilimi ta jiharku tun kafin ku gama aji na ƙarshe. Baƙin mai a hannu ba abin kunya ba ne. Zaman banza shi ne abin kunya.