ATM Ba Ta Cin Kuɗi, Maƙalewa Take Yi

A tashar motar Isa da rumfunan masu POS na Sabon Birni, zancen ya zauna daram: wai ma'aikatan banki ne ke saita ATM ta riƙe kuɗin mutane, in dare ya yi su raba. Wanda ya taso daga Turba, ya biya kuɗin mota, ya bi hanyar da kowa ya san halinta har Sakkwato, ya sa kati, injin ya gama ƙuginsa, saƙon cire kuɗi ya shigo waya amma ko naira ba ta fito ba, ba a ganin laifinsa in ya gaskata. Amma ba haka abin yake ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a leƙa cikin tsohon injin caca na Amurka. Hukuncin caca sananne ne, hanjin injin kawai muke so. A shekarun 1960 kamfanin Bally na Chicago ya fitar da wani mai suna Money Honey, wanda ke iya biyan tsaba har 500 ba tare da ma'aikaci ya sa hannu ba. Sirrin wani kwano ne cike da sulalla, a cikinsa akwai faifai a karkace mai 'yan ƙusoshi. Faifan na juyawa, yana ɗauko sile ɗaya-ɗaya, wani ƙarfe mai kamar wuƙa ya karkatar da shi zuwa mafita, a hanya ya danne wani ɗan makunni. Kowane danni ƙirge ɗaya ne. Idan aka yi 'yan daƙiƙoƙi makunnin bai motsa ba, injin ya tsaya ya nuna alamar matsala. Masu gyaransa har yau abu guda suke yi: su cire wuta, su juye kwanon, su nemi lanƙwasasshen sile ko noti da ya faɗa ciki, su goge baƙar dauɗar da hannaye suka bari, su duba ko wuƙar ta cinye. Faifan kuwa ba a sa masa mai, don mai ƙura yake kira.

ATM ma haka take, sai dai takarda take ja. Tayoyin roba na zaro kuɗi daga akwati, bel ya ɗauke su, wani ido ya auna kaurin kowace takarda. Kamar makiyayi ne a ƙofar garke yana ƙirga tumaki: in biyu suka kutso tare, ƙirge ya ɓaci, sai ya ware su ya sake. Takardun da suka manne da juna injin na jefa su wani akwati daban na rijiyak, in kuma wata ta naɗe a hanya, komai ya tsaya. Duk wannan yana rubuce a kundin injin, da lokaci da lambar kati. Ɓarawon da ya zaɓi wannan hanya ya zaɓi wadda ta fi kowace barin sawu.

To me ya sa ake cire kuɗin a asusu? Domin kwamfutar banki ce ke fara cirewa, sannan ta ba injin izini. In biya ya gagara, sai injin ya aika saƙo a mayar. Saƙon nan kuwa da sabis yake tafiya, kuma mutanen gabashin Sakkwato ba sa bukatar a yi musu bayanin sabis, su da aka katse wa layukan waya a watan Satumba na 2021.

Mu ma da namu laifin. Takardar da ta sha manja, ta kwana a lalita, aka like ta da gam, ita ce lanƙwasasshen silen wannan zamani. Ƙurar hunturu kuma tana sa tayoyin roba su yi sulɓi su kasa ja, abin da shara da canji a kan kari ke magancewa.

A kan jinkirin mayar da kuɗi ne ya kamata fushin ya sauka. Tun watan Yuni na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce in injin bankinka ne, a mayar maka nan take, ko cikin awa 24 in sai an yi da hannu. In na wani banki ne, kada ya wuce awa 48. Daga 1 ga Maris 2025 kuma aka fara karɓar naira 100 a kan kowace 20,000 da ka cira a injin wani banki. Cajin ba ya latti ko sau ɗaya. Mayarwar ce ake ce wa mutum ya dawo ya cike fom, alhali dawowar daga Turba za a yi ta.