Littafi a Hanya: Daga Jiragen Shaƙatawa Zuwa Tashoshin Adar

A cikin jirgin ruwan Queen Mary 2, wanda ya soma aiki a 2004 yana ratsa tekun Atlantika tsakanin Southampton ta Ingila da New York ta Amurka, akwai ɗakin karatu mai littattafai wajen dubu goma. Tafiyar kwana bakwai ce, ba tudu ba gari, fasinja ya ari littafi ya zauna gefen taga. Al'adar ta daɗe, don ko Titanic da ya nutse a 1912 yana da ɗakin karatu. Amma tun da na'urar karanta littattafai ta Kindle ta fito a 2007, kuma kamfanin Royal Caribbean ya soma sa intanet ɗin Starlink a jiragensa a 2022, sai wasu kamfanoni suka riƙa rage ɗakunan ko su mai da su wurin shan gahawa. Hujjarsu ita ce kowa na da waya, kuma kanta cike da littattafai ba ta kawo kuɗi.

Mutumin Garhanga, a gundumar Keita ta ƙasar Adar a Nijar, zai ce ina ruwan biri da gada, mu da ko kogi ba mu da shi. Amma tambayar da ke ƙasan wannan muhawara tamu ce: me matafiyi ke yi da lokacin da hanya ta ba shi? Adarawa kuwa matafiya ne na gaske. Da an kai hatsi rumbu, samarin Keita da Buza da Madawa sai su ɗaura kaya su tafi ci-rani, wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu arewa ta Agadas. Daga Tawa zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogonduci da Doso. Wanda ya nufi bakin teku sai ya kwana a hanya ba sau ɗaya ba, ga jira a tasha, ga jira a shinge, ga jira a kan iyaka.

Kakanninmu ba su bar irin wannan lokaci ya tafi a banza ba. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan tafi da malaminsa kamar yadda yake tafiya da madugunsa. Alhazan da suka bi ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, har su hau jirgin ruwa a Suwakin zuwa Jidda, wasunsu sun yi shekaru a hanya, gafaka rataye a kafaɗa. A cikinta akwai Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, ko ɗan ƙaramin Dala'ilul Hairati na Shehu Jazuli. Rashin ɗinkin nan yana da amfani ga matafiyi: a zango ana iya raba takardun, kowa ya riƙe nasa kason ya karanta, a gama a haɗa.

Yau waya ce ta gaji gafaka, kuma ba na raina ta. Katin ajiya ɗaya yana ɗauke da tafsirin azumi gaba ɗaya, da wa'azi, da finafinan Kano, da littattafan soyayya da aka karanta aka naɗa. A ƙasar da manya masu iya karatun boko ba su kai rabi ba, sauraro ya kai ilimi inda takarda ba ta kai ba. Sai dai fasinjan Queen Mary 2 yana da wurin caji a gefen gadonsa. Ɗan ci-ranin Garhanga yana tattalin batirinsa ne don ya kira gida ya ce ya sauka lafiya, kuma rezo kan ɗauke da an yi nisa da gari. Kamfanonin jiragen can da suka rufe ɗakunan karatunsu sun yi ne bayan sun ƙoshi da littafi. Mu nan ba mu taɓa ajiye wa matafiyi ko warƙa ɗaya ba.

Wasu ƙasashe sun kai littafi inda mai karatu yake. A Kenya hukumar ɗakunan karatu ta ƙasa ta soma ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a Garisa a 1996, don 'ya'yan makiyaya. A Bangaladash ƙungiyar Shidhulai ta mai da kwale-kwale makarantu da ɗakunan karatu saboda ambaliya.

Abin da nake gani ya dace da Adar bai kai wannan wahala ba. Akwatin ƙarfe guda a rumfar jira ta tashar Madawa ko Tawa, makullin a hannun sarkin tasha ko ɗan kamasho, fasinja ya ɗauka a nan ya ajiye a tashar gaba ta kamfanin motar. Za a yi asarar wasu, tabbas, kuma littafin da ya ɓata a hannun mai karatu ba asara ce babba ba. Muhimmin abu shi ne me za a zuba a ciki. Idan littattafan Faransanci ne na kyauta da wasu suka gaji da su, akwatin zai cika da ƙura. A sa na Hausa, boko da ajami, tun da da yawa daga samarin nan sun yi makarantar allo, idonsu ya saba da baƙaƙen Larabci. A sa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da labaran marubutan Kano, da ƙananan littattafai kan haƙƙin baƙo a ƙasar waje, da hanyar aika kuɗi gida, da gyaran faƙo, aikin da mutanen Keita suka ƙware a kai tun zuwan Aikin Keita a 1984.

A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kamfanonin sufuri irin su Rimbo suna da rumfunan jira a manyan garuruwa, ƙananan hukumomi kuma suna karɓar harajin tasha. Kowanne daga cikinsu zai iya sayen akwatin farko kafin kakar bana, lokacin da motocin Adar ke cika.