Motar da Ta Yi Gwame: Dabara Ce Ko Ciwo?

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Tashar Yari lokacin kakar rake ya san abin da nake nufi. Sharon ce za ta ɓullo daga wajen Makarfi, an danƙara mata kaya har but ya ƙi rufuwa an ɗaure shi da igiya, tayoyin bayanta sun yi gwame, samansu ya shige ciki, ƙasansu ya baje waje. A da ba wanda yake kallon wannan a matsayin ado. Yanzu da samari daga Dandamisa zuwa Hunkuyi suke ganin motocin tsere a waya da irin wannan tsayuwar taya, magana ta bazu cewa ai gwamen dabara ce, wai yana ƙara gudu, yana sa mota ta kama ƙasa. Har akwai mai zuwa gareji ya ce, "Oga, a ɗan buɗe mata ƙafa mana."

Masu gyaran alaimen suna kiran wannan karkata kamba. Ka tsaya gaban mota ka dubi tayar: in samanta ya karkata ciki, gwame ke nan, in ya karkata waje, ta yi ƙafar baka. Da digiri ake aunawa, kuma ƙaramin abu ne ƙwarai. A tayar da tsayinta ya kai santimita 60, digiri ɗaya bambancin kimanin santimita ɗaya ne tsakanin sama da ƙasa. Yawancin ƙananan motoci suna fitowa daga kamfani da gwamen da bai kai digiri ɗaya da rabi ba, wanda ido ba ya saurin kamawa. Saboda haka in ka hango gwamen mota tun daga nesa, to ya wuce ƙa'ida.

Cewa gwame yana sa taya ta kama ƙasa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a kwana kaɗai. Idan mota ta sha kwana da gudu, nauyinta yakan koma kan tayoyin waje, jikinta ya kwanta, tayar ta nemi tsayawa a kan gefenta. Wadda aka ɗan karkatar ciki tun farko, a lokacin ne take zama daram a kan kwalta. Shi ya sa masu tsere a filin kwalta suke ba tayar gaba digiri biyu zuwa uku. A Amurka ma, motocin NASCAR da ke zagaye fili suna juyawa hagu kawai, tayar dama ake yi wa gwame, ta hagu a karkatar da ita waje. Wato kowane saiti da filin da aka yi shi dominsa. A miƙaƙƙen titi irin na Zariya zuwa Kano kuwa, gwame ba ya ƙara ko taki ɗaya na gudu. Abin da yake yi shi ne rage faɗin robar da ke taɓa ƙasa, ranar da akuya ta faɗo maka titi ka taka birki, sai motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya.

A hanyar burji ma lissafin ya sake sauyawa, domin tsakuwa ba ta riƙe taya kamar kwalta, masu tseren daji ba sa karkatar da ita sosai. Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a shekarar 1975 ɗin ta ci tseren Safari na Kenya, kuma abin da aka san ta da shi ƙwarin ƙafa ne da iya haɗiye gargada. Wanda hanyarsa ta kullum ta ƙauyukan Ikara ce, darasinsa yana nan.

Gwamen Sharon ɗin can kuwa, ba wanda ya saita shi. Ƙafafunta na baya kowace da hannunta, in kaya ya danne ta, sifirin ya zauna, tayar sai ta kwanta ciki. A sauke kayan ta miƙe. In an sauke ba ta miƙe ba, sifirin ya gaji ko bushin ya mutu. Golf 3 kuma ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinta na baya, ba shi da wurin saiti, in ya yi gwame to lodi ko rami ya lanƙwasa shi. Na ga inda aka gasa irin wannan ƙarfe da wutar walda ana dukansa wai a miƙar da shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: ya miƙe a ido, ƙwarinsa ya tafi. A gaba ne Golf 3 take da ɗan wurin wasa, a kusoshi biyun da suka ɗaure shokozoba da ƙafa.

Sai maganar da direbobi suka fi yarda da ita, cewa duk tayar da ta cinye ta ciki kamba ce ta cinye ta. A nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki. Kamba tana cin gefe, gaskiya ne, amma a hankali. Babban ɓarawon taya shi ne saitin tayarod, wato ko tayoyin gaba biyu suna kallon gaba sak, ko sun haɗa baki, ko sun juya wa juna baya. Tayar da ta kauce da digiri ɗaya tak, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kimanin mita 17. A tafiyar kilomita 30 an goge ta a kwalta fiye da rabin kilomita, kamar ana dirza ta a dutsen wanki. Direban haya da ke sintiri kullum ya yi lissafin sati guda. Hannu ma yana bambance cin kamba da na tayarod. Ka shafa tafinka a kan zanen tayar daga waje zuwa ciki, ka dawo. In ka ji santsi ta ɗaya ɓangaren, kaifi kamar haƙoran zarto ta ɗayan, tayarod ne. In gefe ɗaya ya lashe sumul, kamba ce. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, ƙarancin iska ne, wurin mai faci za ka. Tudu da kwari a jere kuma aikin mataccen shokozoba ne.

Karkarwar sitiyari in an kai wani gudu ba ruwanta da alaimen, ko sau goma za a yi. Balansin ne, ko rim ya lotse, ko tayar ta yi ƙari. Motar da take ɗan zamewa dama in ka saki sitiyari, ita ma kada a yi saurin ɗora mata laifi: tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, titi kuma ana yi masa doro a tsakiya don ruwa ya gangara, gangaren yana dama da kai. In ja ne mai ƙarfi, a fara gwada iska, sannan a musanya tayoyin gaba. Idan jan ya koma ɗaya hannun, taya ce. Idan bai koma ba, a auna kamba, domin mota tana bin ɓangaren da tayarsa ta fi karkata waje.

Aunawar farko ba ta buƙatar kwamfuta. A sami daɓe mai daidai, a cika iska, a miƙar da sitiyari, a rataya zare mai nauyi a ƙasa irin na magina kusa da tayar, a auna tazararsa da bakin rim na sama da na ƙasa. A rim mai inci 14, bambancin milimita shida zuwa bakwai shi ne digiri ɗaya. Abin dubawa shi ne hagu da dama su zo kusan ɗaya. Amma kafin a taɓa kowace kusa, a ɗaga motar a jijjiga tayar: in bol-join ko bushin yana wasa, duk saitin da aka yi ramin farko zai kwance shi, kuɗin ya tafi a banza. Kuma duk bakaniken da ya taɓa kamba dole ya koma kan tayarod daga ƙarshe, don motsa ɗaya yana motsa ɗayan. In ya ce ya gama bai koma ba, a ce masa, "Malam, saura tayarod."